Hawasha ta Ƙarshen Ruwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Daga mahaifinka Usumanu a Mai Wurno, zuwa ga ɗana Habibu, a Sinnar ko duk inda direban lorin nan ya iske shi. Ina gaishe ka, innarka tana gaishe ka, ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya tsare ka a hanya, ya tsare ka a masauki, ya raba ka da sharrin abin da ka sani da wanda ba ka sani ba.

Babu abin da ya canza a gida tun fitarka, don haka ba zan ɓata takarda a kan labari ba. Da gangan na rubuta maka da Hausa, ko da yake na san Larabci ya fi zama maka a baki. Idan ka yi tuntuɓe da wata kalma dole ka tsaya, tsayawar kuwa ita nake so, domin ku yaran yanzu kuna karanta Larabci da gudu, kafin magana ta shiga kai kun riga kun naɗe takardar.

Abu biyu ka faɗa mini ranar tafiyarka, muna shan jabana, gahawar nan tamu, a zaure. Na ɗaya, ka ce in ba ɗan baffanka jarf ɗinka, wato gonar nan ta gaɓar kogi da na yanka maka, tunda kai yanzu ka zama wakilin Liwa, tsohon janar ɗin nan, a sabuwar gonarsa ta tarakta can kudu wajen duwatsu, ba ka ga ranar komawa noman albasa ba. Na biyu, ka ce da an yi zaɓen nan da aka yi ta magana a kai shekarun baya, da kuma Liwa ne ya hau kujerar shugaban ƙasa, da yanzu ƙasar nan ta miƙe sambal. Ban amsa maka ko ɗaya ba, saboda akwai baƙi, kuma na hango innarka tana ɗaure maka guzuri tana share ido da gefen mayafi. Amsar maganganun biyu guda ce, ita ce zan ba ka yanzu.

Ka san na yi soja a ƙarƙashin mutumin nan, amma abin da ka sani game da shi na teburin mai shayi ne. A can kullum mutane kashi biyu suke. Wasu su ce jarumi ne da ya fid da rundunarsa daga bakin mutuwa, wasu su ce mahauci ne da aka sa wa kaki. Abin da ake faɗa ya yi a yaƙin Kudu, inda ya sami muƙamin Liwa, wato janar, ban gani ba, ba zan saya ba, ba kuma zan sayar maka ba. Ni abin da idona ya gani zan faɗa.

Na san shi tun yaƙin Taliya, a duwatsun gabas, yana ƙaramin hafsa siriri, wuya kamar na zalɓe. Abin da muka ci shi yake ci, inda muka kwanta nan yake kwanciya. A ƙarƙashinsa ba a taɓa satar sukarin soja ba, wannan kuwa a wancan zamani abin mamaki ne. Sauran hafsoshi da sunan nan da ake kiran mutanenmu da shi a ƙasar nan suke kiranmu, a dunƙule, kamar buhunan gyaɗa. Shi kuwa kowa da sunansa. Ranar da ya ce mini “ya Usman” a gaban mutane, na ji zan iya bin sa cikin wuta.

Wata rana aka matsa mana a wani mashigi tsakanin duwatsu, dole a ja da baya. Ana bukatar waɗanda za su tsaya su riƙe bakin mashigin har sauran su fita da igwa da alfadarai. Ya bi sahu yana nuna mutane da ɗan sandansa. Ya nuna ni, ya nuna abokina Garba, ɗan garin Abu Na'ama, ya nuna wasu, yawancinsu namu. Ya ce waɗanda ya yarda da su yake bari, kuma da zarar sauran sun tsallake zai turo a kira mu. Ƙirjina ya cika har maɓallin rigata ya nemi tsinkewa.

Ba a turo kowa ba. Muka riƙe wurin har ruwan salkunanmu ya ƙare, sannan waɗanda suke iya tafiya a cikinmu suka sauko da kansu, ɗauke da waɗanda ake iya ɗauka. Muka iske shi a sansani yana duba kofaton alfadari. Ya miƙe, ya sara mana, ya sa aka dafa mana shayi da sukarinsa na kansa. Bai ba mu haƙuri ba, bai kuma yi mana ƙarya ba. Ya ce kowane hannu yana kan jan igwa, da ya cire mutum ɗaya ya aiko mana da an rasa igwa, kuma ya san za mu san yadda za mu yi. Rundunar ta tsira, wannan gaskiya ne, a kan wannan ne ma aka fara jin sunansa.

Muna shan shayin Garba ya matso kusa da ni ya ce, “Usumanu, wanga mutum ba mugu ba ne. Lissafi gare shi. Mu ko cikin lissafinai mu ne abin da ka saura in an gama rabo.”

Na ce masa butulu ne, yana shan sukarin mutum yana zaginsa. A nan na fara karanta Liwa ba daidai ba. Na ɗauka sanin sunana da ya yi yana nufin ba zai iya rabuwa da ni ba. To, ka riƙe wannan: idan babba yana yabonka, kada ka tsaya sauraren daɗin maganar kawai, ka duba wurin da ya tsayar da kai yake yabon.

Bayan yaƙi na ajiye kaki na koma abin da mutanenmu suka saba, tsinkar auduga da noman raba-daidai a gonakin wasu a Jazira, ƙasa da madatsar ruwa ta Makwar. Hawasha ta kanka, wato gonar ban ruwa da sunanka a kanta, a wancan lokaci mafarki ce ga wanda ba shi da takardar jinsiyya, wato shaidar zama ɗan ƙasa, ko da kuwa a nan aka binne cibiyarsa da ta ubansa. Shekaru suka wuce. Sai muka ji Liwa ya yi ritaya, ya sami izinin kafa injinan ruwa a bakin kogi kudu da Abu Na'ama, yana neman tsofaffin sojojinsa. Muka je ni da Garba. Bai tambaye mu takarda ba. Ya ce ya ga takardarmu a duwatsun gabas. Wannan alheri ne na gaske, ban manta ba, kai ma kada ka manta.

Idan kana son sanin yadda zai mulki ƙasa, a wannan gonar za ka gani, domin a can ya yi mulki babu mai ce masa me ya sa. Da usur ake buɗe ruwa, da usur ake rufewa. Samad, mai kula da rabon ruwa, ya taɓa karɓar rago a hannun wani don ya ƙara masa lokaci. Ɗan'uwan matar Liwa ne, amma kafin la'asar an ɗora masa kayansa a jaki. Akuyar da ta shiga auduga yankawa ake yi, ko ta wa ce, har ta ƙanwarsa an yanka, muka ci. Ya gina ɗakin magani, ya haƙa rijiya, ya kawo malamin makaranta, makarantar da kai ka fara koyon Larabcin da kake mana fankama da shi. Mutum yana iya barin garmarsa a gona ya dawo ya same ta.

Abu ɗaya ya hana wanda a lokacin ban ɗauke shi da nauyi ba. Ka san al'adarmu a ƙauyukan nan: idan ruwa ya yi ƙaranci, dattawa sukan zauna a gindin itace, kowa ya rage kaɗan daga rabonsa don dawar na ƙarshe ta sami abin sha, saboda auduga ta kasuwa ce, dawa kuwa ta tukunya. Liwa ya ce wannan shirme ne, ruwa ba sadaka ba ne. Mai ƙorafi ya zo shi kaɗai, ya faɗa a tsaye, ya tafi. Zaman gindin itace ya mutu, mu kuma muka ce ai gara haka, an huta da surutun tsofaffi.

Ranar rabon hawashoshi ya bi tur'a, babbar hanyar ruwan, da ƙafa tun daga bakin inji, muna biye da shi. Gonakin farko ya ba masu baki, masu 'yan'uwa a ofisoshin Hartum, waɗanda in ruwa ya yi jinkirin rabin yini sai an ji su a fadar gwamnati. Muka yi ta tafiya, tur'a tana ƙara sirancewa, har muka kai inda take ƙarewa. Ya juyo ya ce, “Ya Usman, ƙarshen tur'a yana son mutumin da ba ya kuka.” Na buga ƙafa na yi masa “to, ranka ya daɗe” irin ta soja, na ce, “Tamam, sa'adatak.” Garba ya yi tari a bayana, amma ya karɓi ta kusa da tawa, don ba shi da wata.

Duk manomin da ya san ruwa zai yi mini dariya, kuma sun yi. Amma ni da kan soja na tafi gona. A soja, tsayawa a baya matsayi ne na girma, ba a ba raggo. Na dawo gida ina gaya wa innarka cewa Liwa ya zaɓe ni a cikin mutane. Tana tuƙa tuwo, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, “Malam, ruwa bai san shawish ba,” wato saje, muƙamina na soja. Na kuma ce mata zan bar wa ƙanena jarf ɗin kakanka na nan Mai Wurno, tunda yanzu ina da hawasha. A nan ne ta ajiye muciya. Ta ce in dai tana numfashi ba za a bayar ba, ita za ta riƙa zuwa tana shukawa. Na bar ta, ina ganin rigimar mata ce. Shawarata a nan gajeriya ce: girman da aka ba ka a wani wuri kada ka ɗauke shi ka kai inda ba a san shi ba, kuma idan mai dafa maka abinci ta ajiye muciya a kan magana, ka saurara.

Shekaru masu kyau sun zo, ba zan ɓoye ba. Ruwa yana isowa ƙarshen tur'a a kan lokaci, abin da ko a Jazira ba kullum ake samu ba. Na yi riga, na yi jaki, na yi ta yi wa Garba gori.

Sai shekarar da kogi ya ja da wuri, inji ɗaya kuma ya lalace, ƙarfen gyaransa yana can bakin teku bai iso ba. Ruwan da ya rage ba zai ishi kowa ba. Dattawa suka karya doka suka tafi wurinsa tare, suka roƙi a yi yadda aka saba, kowa ya yi asarar kaɗan. Ya saurare su har ƙarshe, a tsaye. Sannan ya ce idan aka raba wa kowa, audugar kowa za ta fito raunanna, gonar gaba ɗaya ta durƙushe, baɗi babu inji babu hawasha. Idan kuwa aka yanke ƙarshe, na gaba za su ba da amfani cikakke, gonar ta rayu. Ya sa aka toshe tur'a da ƙasa daidai ƙaramar gada.

Shi da kansa ya zo ya gaya mana, da tsakar rana, ba hula. Bai aiko kowa ba. Dawarmu a lokacin ta yi ciki, saura kaɗan ta fid da kai. Ya tsaya a bakin hawashata ya dube ta, ya dube ni, ya ce ya san ni zan gane. Abin haushin shi ne na gane ɗin. Lissafinsa daidai ne, gonar ta rayu, baɗi aka kawo sabon inji. Ya ba mu 'yan buhunan dawa daga rumbunsa, ba su kai mu ko'ina ba, amma ya bayar.

Garba bai jira baɗi ba. Ya kwashe iyalinsa ya koma tsinkar auduga a gonakin mutane, yana da furfura. A can ya rasu, a wata bukkar kara, aka binne shi cikin baƙi. Har yau idan na tuna gorin da na yi masa raina yakan ɓaci, kuma ina kewarsa fiye da yadda nake faɗa.

Mu kuwa jarf ne ya riƙe mu. Kogin da ya ja da wuri ya bar laka mai faɗi, innarka ta bi ta da masara da waken lubiya da kabewa, babu usur babu samad. Kabewa ta yi kamar hauka a shekarar. Ita muka ci safe da yamma, dafaffiya, gasasshiya, a miya, a fate, har damina ta zagayo. Kana ƙarami lokacin. Har yau ba ka cin kabewa, kana cewa warinta ne ba ka so, ba ka san dalili ba. To ga dalilin.

Yanzu ga amsar maganarka ta zaɓe. Da Liwa ya hau, jirgin ƙasa zai tashi a kan lokaci. Akawu ba zai nemi na goro ba, minista zai kwana a kurkuku kamar kowa, a yi hanyoyi, a yi asibitoci, shi kuma ya mutu ba shi da gida sai wanda ya gada. Ina ma zaton da ya ba mutanenmu jinsiyya ba tare da an tambaye mu kabarin kakan kakanmu ba, domin yana son mu, so na gaskiya. Majalisa ba zai rufe ta da fushi ba. Zai bar su su yi magana har su gaji, yadda ya bar dattawan nan, sannan ya yi abin da ya riga ya yanke. A shekarun ƙoshi kowa zai ce ba a taɓa yin shugaba irinsa ba, kai da abokanka kuna gaba wajen tafi.

Amma babu ƙasar da ba ta da shekarar da inji yake lalacewa. Ranar nan zai shimfiɗa taswira ya bi ta da ɗan sandansa yadda ya bi tur'a, yana neman inda za a toshe don sauran su rayu. Ba zai toshe wa masu baki ba, ba don yana tsoronsu ba, sai don kukansu yana ɓata aiki. Zai nemi waɗanda suke nesa, masu haƙuri, masu ganin haƙurinsu abin alfahari ne. Sannan ya hau rediyo da kansa ya faɗi gaskiya tsantsa, ba hula. Na gaba su yabe shi, kuma yabon bai zama ƙarya ba. Kai dai ka tambayi kanka a wane gefen gada ƙauyukanmu za su faɗo.

Ban ce ka ƙi shi ba. Da an yi zaɓen, wallahi ban san inda zan jefa ƙuri'ata ba, domin waɗanda suka yi mulkin su ma sun toshe tur'a, suka haɗa da ƙarya da sata. Sai dai ɓarawo kowa yana kaffa-kaffa da shi, yana ɓoye ɗan abin da zai ci. Mai gaskiya irin Liwa shi ne mutum yake sakin jiki da shi har ya ba da jarf ɗinsa.

Ranar da ya zo gidan nan neman ka, ya tsufa, yana dogara sanda, ya zauna a kan angarib ɗina, gadon igiyar nan, kamar ba shi ne ya taɓa sa ni tsayuwar rana ba. Na ji daɗin ganinsa, ba zan yi maka ƙarya ba. Ya ce gonar tana da nisa, sansani na ƙarshe ya fi kowanne nisa, babu rijiya, tanka ce take kai ruwa. Ya ce, “Ina son wanda zan bari a can hankalina kwance, ya Usman. Ɗanka jininka ne.” Kana tsaye a bakin zaure da butar shayi, na ga yadda ƙirjinka ya taso. Na san wannan ƙirjin, nawa ne.

Ban hana ka ba, ba kuma zan hana ka ba. Aiki ne na halal, mutumin kuma ba zai ci haƙƙinka ba. Ka riƙe masa amana, ko ƙwayar riɗi kada ta bi ka gida. Amma da ka isa, kafin ka koyi sunayen taraktoci, ka koyi hanyar fita da ƙafa. Ka nemi makiyayan da suke yawo a wurin, ka sha shayi da su, ka san inda suke shayar da dabbobinsu da rani. Ka ajiye duro ɗaya cike wanda ba ya cikin lissafin kowa. Ka koyi kuka, Habibu, abin da ni ban koya ba: idan abu ya fara ƙaranci ka faɗa da wuri, da ƙarfi, a gaban mutane, ko da za a ce ɗan Usman bai kai ubansa ba. Leburorin da za a sa a ƙarƙashinka, yawancinsu namu ne, kada ka ce musu ka yarda da su sannan ka bar su. Idan kuma wata rana tanka ta yi jinkiri fiye da yadda ta saba, ka tara mutanenka ku kama hanya tun kuna da ruwan tafiya. Kada ka zauna jiran ɗan aike. Ni na jira shi, ba a turo shi.

Maganar jarf kuwa, ba zan ba ɗan baffanka ba, ba zan ba kowa ba. Ko na so ma innarka tana nan da ranta. Kogi ya fara ja, laka ta fito, jiya ta tafi da ƙannenka suka shuka. Ta ce in gaya maka kabewa ta sa a naka, kuma ta san ba ka ci.

Allah ya kai ka lafiya, ya ba ka ruwa a inda babu rijiya, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya sa Liwa ya gama da duniya lafiya, ya jiƙan Garba. Allah ya dawo mana da kai da ƙafafunka, ya sa kabewar nan ta ruɓe a ɗaki ba ka bukace ta ba.

Mahaifinka,
Usumanu